Wai cirewa tana ƙara abu? Muhawara kan −1/2 − (−3/4)

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Ummi ta dawo da aikin gida an ja mata jan biro a kan wannan: −1/2 − (−3/4). Ita ta rubuta −5/4, malaminsu ya ce amsar 1/4 ce. Ni dai tun ina firamare abin da na sani, in ka cire abu raguwa yake yi. Ta yaya mutum yana ƙasa da sifiri, a sake cire masa wani abu, sai kuma ya haura sama? Ni ina ga malamin ne ya yi kure.

Malama: Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Malamin bai yi kure ba. Amma a yaba wa Ummi tukuna, don ta daidaita lambobin ƙasa, ta mai da rabi 2/4. Yara da yawa a nan suke faɗuwa, su haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa. Inda ta zame shi ne alamar cirewa biyu da suka haɗu. Cire −3/4 daidai yake da ƙara 3/4. Ka ga −2/4 + 3/4, saura 1/4.

Baban Ummi: Malama, wannan ai doka kika karanto min. Dalilin nake nema.

Malama: To ka ɗauki mai alamar cirewa a matsayin bashi. In an cire maka bashi, ai ƙaruwa ka yi.

Mai Shago: A nan fa zan shigo. Shekarata ashirin ina awo, kuma littafin bashina ya fi littafin Ummi kauri. Mutum ina bin sa rabin mudun gero. Sai in ce na yafe masa kwata uku? Ta ina? Abin da nake bi rabi ne kawai. Ba a yafe abin da babu. Ina tare da Baban Ummi, lissafin nan a allo kawai yake aiki.

Ɗan Jami'a: Alhaji, ai maganar bashin ba Malama ce ta ƙirƙiro ta ba. Wani masanin lissafi ɗan Indiya, Brahmagupta, tun shekarar 628 ya rubuta dokokin nan, kuma da dukiya da bashi ya kira lambobin. Mutanen Sin ma kafin shi da tsinke ja da baƙi suke bambanta su.

Mai Shago: Yaro, tarihi na tambaye ka? Shi ɗan Indiyan ya zo ya yafe kwata uku cikin rabi mu gani.

Malama: Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma laifina ne da na taƙaita. Shi −1/2 ɗin ba lallai bashin kansa ba ne, matsayin mutum ne bayan an haɗa abin hannunsa da abin da ake bin sa. Ga misali. Mutumin nan kana bin sa kwata uku na mudu, amma a buhunsa akwai kwata ɗaya. In ya juye maka kwatar nan, nawa ya rage a kansa?

Mai Shago: Rabi.

Malama: To shi ne −1/2. Yanzu bai riga ya juye ba, sai ka ce masa je ka, na yafe kwata ukun. Me ya rage masa?

Mai Shago: Kwatarsa ɗaya da ke buhu.

Malama: Ita ce 1/4 ɗin da malamin ya rubuta.

Mai Shago: Hmm. Amma fa ke kika saka masa kwatar nan a buhu, a tambayar ba a ambace ta ba.

Malama: Saka ko nawa kake so. Ka ba shi mudu guda a buhu, bashinsa mudu ɗaya da rabi, matsayinsa −1/2 ne dai. Yafe kwata uku, bashi ya koma kwata uku, ya biya daga mudunsa, saura kwata. Duk ta inda ka bi, nan za ka ɓullo.

Malam Liman: Allah ya yi muku albarka. Ina karantawa sai rabon gado ya faɗo min, don rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni abincinmu ne kullum. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, babu ɗa. Miji rabi, su kuma sulusi biyu. A mai da su kan shida: 3/6 da 4/6, ya zama 7/6. Dukiya kuwa 6/6 ce. Malama, in kin cire me za ki samu?

Malama: Allah ya gafarta Malam, −1/6.

Malam Liman: To irin wannan ta taso a zamanin Sayyidina Umar. Sai dai mu ba ma rubuta wa magaji bashi. Auli ake yi, a ɗaga asalin daga shida zuwa bakwai, miji ya karɓi 3/7, su 4/7, giɓin ya shafi kowa daidai da kasonsa. Amma giɓin sudusin nan gaskiya ne, ba a allo kawai yake ba, Alhaji.

Baban Ummi: Na ji ta buhu, ta shige ni. Sai dai har yanzu ban yarda a ce wa yaro "cire da cire ya zama ƙari" a wuce ba. Jiya da na faɗa wa Ummi haka, sai ta je kan −1/2 − 3/4 ta ce ai ga cire biyu nan, ta rubuta 5/4.

Malama: Wannan kam na ba ka gaskiya. A nan bashi ne a kan bashi, −5/4 ce amsa. Sai alamun biyu sun zo kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta aikin cirewa, ɗaya ta jikin lambar da ake cirewa. Ba ta wannan ta gwada da daddare: −2/3 − (−1/6).

Mai Shago: Bashin rabi ne. Kuma wannan karon ba zan yafe ba.