Bindiga mai baki biyu: za ta yi farautar agwagwar ruwa?

Ɗan Bukuru: Assalamu alaikum, manyanmu. Bindigata mai baki biyu ce, geji 12 (ma'aunin faɗin bakin), bututu inci 28, kuma da lasisi. Ina so in nemi agwagwar ruwan nan kirinjijiya a kududdufan kuza na wajen gari. Wani ya ce in kai wa maƙeri ya rage tsawon bututun don harbin ya fi bazuwa. In yi? Wane harsashi ya dace?

Baban Maharba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka bari a taɓa bututun nan. Matsin da ke tattara ƙwayoyin harsashi, wato cok, a ƙarshen bakin yake. Ana yankewa ya tafi, ƙwayoyin su watse tun kafin mita 25, sai ka raunata tsuntsu ya je ya mutu cikin ciyawa. Dokar makamai ma ta hana rage shi ƙasa da inci 20. Inci 28 ɗin daidai ne ga agwagwa.

Fara da cire bututun ka duba rubutun da ke ƙarƙashinsa. In ka ga 12/70, ɗakin harsashin milimita 70 ne, kada ka kuskura ka sa na 76. Zai shiga lafiya lau, abin da ke ruɗin mutane ke nan, domin tsawon da ake rubutawa na kwanson ne bayan ya buɗe. In an harba, bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa, ƙarfin ya taru a ciki, ya iya fasa ƙarfen.

Sannan ka gwada ta a takarda. Manna babban kwali, ka zana da'ira mai faɗin inci 30, ka ja baya mita 36, ka harba kowane baki sau uku, kowane harbi da sabon kwali. Matsakaicin cok yana zuba kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙwayoyin a da'irar, matsattse kuma kusan 70. Galibi bakin dama ya fi buɗewa, da shi ake fara harbi in tsuntsu na kusa. In ka ga gibin da agwagwa za ta ratsa, sauya harsashi, laifin ba na bindigar ba ne.

Mai Gyara, Tudun Wada: Baba ya gama magana. Ga kirinjijiya, ƙwayar dalma lamba 4 ko 5 (ƙaramar lamba ta fi girman ƙwaya). Dinya tana da kauri, sai lamba 2. Ƙwayar ƙarfe ta fi kyau ga ruwa, don agwagi kan haɗiye dalmar da ta nutse su mutu, shi ya sa Amurka ta hana dalma a farautar tsuntsayen ruwa a 1991. Amma ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, sai ka ƙara girma da lamba biyu, kuma ba a harba shi a tsohon bututu ko matsattsen cok, yana kumbura bakin.

Ɗan Bukuru: Na gode, Malam. 12/70 na gani. To, ruwa fa?

Mai Gyara, Tudun Wada: In bakin ya taɓa laka ko kaɗan, buɗe bindigar, ka cire harsashi, ka leƙa ta baya kafin ka harba. Da ka dawo gida ka raba ta uku, ka goge ta bushe, sannan mai kaɗan. Kada ka mayar da ita jiƙaƙƙiyar jaka, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta kama.

Baban Maharba: Kuma kada ka harbi tsuntsu yana zaune a kan ruwa. Ƙwaya tana tsalle a fuskar ruwa ta wuce ƙetare, kududdufan nan kuwa akwai masu noman rani da makiyaya a bakinsu. Jira ya tashi sama. Tafkin Pandam na kudancin Jihar Filato kuwa gandun gwamnati ne, ba a farauta a can.