Kwana biyar a Watamu: wane wata ya fi, kuma da me za a fara?

Uwar-biyu:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, manya biyu da yara biyu masu shekara 8 da 11, muna shirin yin kwana biyar a Watamu da ke gaɓar tekun Kenya. Burinmu mu ga murjani da kunkuran teku, mu shiga daji, ba zaman otal ba. Hutun Yuli muke da shi, sai na ƙarshen Disamba. Wanne ya fi? Yaran ba su iya iyo sosai ba.

Mai-jadawali:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. In murjani ne a gaba, ku ɗauki Disamba. Iska biyu ke juya wannan gaɓar. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, Suwahilawa na kiranta Kaskazi, teku ya lafa, ruwa ya yi garau. Daga Afrilu har wajen Oktoba kuwa Kusi ce, mai zuwa daga kudu maso gabas, tana tayar da igiya, ta gurɓata ruwa, ta tara ciyawar teku a kan yashi. Yuli tsakiyar Kusi ne. Za ku iya biyan kuɗin jirgin ruwa a wayi gari mai jirgin ya ce yau ba fita, ko a fita yara su yi ta amai ba su ga komai ba.

Bayan zaɓen wata, abin da ya kamata ki duba tun kafin ki kama ɗaki shi ne jadawalin cikowa da janyewar teku. Ruwa yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cikowa da janyewa awa shida da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ƙarfinsa yana bin wata: kusa da tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu ne ruwa ke janyewa da nisa, ya dawo da yawa, bambancin ya haura mita uku. A irin waɗannan ranakun janyewar takan faɗo da hantsi, cikowar kuma da la'asar. Wannan ne ya dace da ku, don da hantsi murjani yana kusa da saman ruwa, yaro yana kwance cikin rigar hana nutsewa zai gan shi ƙarƙashinsa. Ki nemi jadawalin Malindi ko na Kilifi, garuruwan gaɓa da ke kusa da Watamu, a intanet, ki ɗora kwanakinku biyar a kansa.

Wurin kallon murjanin yana cikin gandun ruwa da aka keɓe tun 1968, hukumar namun daji ta Kenya, KWS, ke kula da shi. Kuɗin shiga daban, kuɗin jirgi daban, kuma ta intanet ake biyan na hukumar, ba hannu da hannu ba. Ki tambayi mai jirgi tun a tudu ko kuɗin da ya faɗa ya haɗa da na shiga, nan ne rigima ke yawan tashi. Ki kuma ce ya nuna miki rigunan hana nutsewa daidai jikin yara. Rigar manya a jikin yaro takan zame ta rufe masa fuska.

Malamin-tsuntsaye:
Ban ja da maganar teku ba, amma kada a yi wa Yuli rashin adalci. Zafi ya fi sauƙi a lokacin, tafiya cikin daji ta fi daɗi, jama'a ma ba su kai na ƙarshen shekara ba. A Disamba sai kin kama masauki da watanni, don lokacin ne 'yan ƙasar da baƙi ke tururuwa.

Dajin Arabuko-Sokoke yana dab da garin, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 420, shi ne mafi girman abin da ya rage na dajin gaɓa a Gabashin Afirka. Ku isa ƙofa da ƙarfe shida na safe. In rana ta ɗaga tsuntsaye sun yi shiru. Ku ɗauki jagora, ba don ɓata kawai ba, akwai giwaye a ciki. Jagoran ne kuma zai kai ku inda 'yar ƙaramar mujiyar Sokoke ke kwana da rana, wadda ba za ku taɓa gano ta da kanku ba. Dogon wando da takalmi rufaffe saboda tururuwa masu cizo.

A mashigin Mida akwai gadar katako mai lilo da ta ratsa itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda ake kira mikoko. Ku je awa biyu kafin ruwa ya cika. Ruwan da ke shigowa shi ke koro tsuntsaye kusa da rumfar kallo. In ya janye, suna can nesa a kan laka. Kin ga ya yi daidai da lissafin Mai-jadawali: murjani da hantsi, Mida da yamma. Kufan Gede ku ba shi safiya guda. Tsohon garin Suwahilawa ne da aka yi ƙaura daga cikinsa a ƙarni na 17, har yau babban masallacinsa da fada da rijiyoyi suna nan, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2024.

Uwar-biyu:
Na gode, Malam. To batun kunkuru da lafiyar yaran fa?

Nas-mai-ritaya:
'Yar'uwa, kunkuru ba a yi masa alƙawari. Uwar tana fitowa da dare ta binne ƙwai a yashi, su ƙyanƙyashe bayan kusan wata biyu. In kun dace, kada a haska tocila ko fitilar waya, don 'ya'yan hasken sararin teku suke bi, wani hasken sai ya juya su tudu su mutu. Ƙungiyar Local Ocean Conservation tana da wurin jinyar kunkuru a garin, ki tuntuɓe su kan lokacin ziyara.

Akwai zazzaɓin cizon sauro a gaɓar, ku ga likita makonni kafin tafiya, don wani maganin rigakafin tun a gida ake fara shansa. In daga ƙasar da ke da cutar shawara za ku taso, za a iya neman katin allura, kuma sai ta kwana goma katin ke aiki.

A ruwa, takalmin roba wajibi ne saboda bushiyar teku, ƙayarta na karyewa cikin ƙafa. Kada su taka murjani ko su ɗauki ɓawon katantanwa ko guda, haramun ne a gandun, kamar yadda aka hana shiga da gorar roba mai amfani sau ɗaya tun 2020. In kun taka zuwa wani tsibirin yashi da ruwa ya janye, ku juyo da zarar lokacin janyewar ya cika, domin ruwa ta kwaruruwan bayanku yake fara shigowa. Riga mai dogon hannu ta fi man kare rana a bayan yaron da zai yi awa guda a kife kan ruwa; inda rigar ba ta rufe ba, a sake shafa man duk bayan awa biyu.