Muna son tallafa wa masu riƙon yara, ta ina za mu fara?

Sakatariyar Kwamiti

Assalamu alaikum. A cikin jama'ar masallacinmu akwai gidaje uku da hukuma ta danƙa wa riƙon yara, su biyar, ƙaraminsu ɗan wata 8, babbarsu 'yar shekara 13. Mutum 19 sun ba da sunansu za su yi aikin sa kai, maza da mata. Niyya dai akwai, tsari ne babu. Wasu na cewa a tara kuɗi a raba wa gidajen, wasu na cewa a riƙa kwashe yaran a fita da su ranar hutu. Don Allah waɗanda suka san aikin nan su yi mana bayani dalla-dalla: yaya za mu raba aiki, kuma me za mu kiyaye?

Ma'aikaciyar Walwala

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka muku da alheri. Ku karkata ƙarfin mutanen nan zuwa ga mariƙa, wato manyan da ke kwana da tashi da yaran. Yaron da aka raba da gidansu, babbar buƙatarsa ita ce ya zauna wuri ɗaya kada a sake ɗaga shi. Abin da yakan jawo a ɗaga shi kuwa gajiyar uwar riƙo ce: ba barci, yau asibiti gobe makaranta jibi kotu, ga 'ya'yan cikinta suna ƙorafin an daina kula su. Ran da ta ce ta gaji a zo a ɗauke shi, yaron ya sake yin wani rashin. Aikinku ku hana wannan ranar zuwa.

Kada mutum 19 su riƙa zagaya gidaje uku. Kowane gida a ware masa nasa, mutum huɗu zuwa shida, kuma su ɗin ne kullum. A cikinsu a naɗa jagora ɗaya, ita kaɗai ke kiran gidan, sau ɗaya a mako, don kada wayar uwar riƙo ta zama wani aikin. Jagorar ta daina cewa "in kina buƙatar wani abu ki faɗa", domin kunya ba za ta bar matar ta faɗa ba. Ta ce mata: "Ranar Talata ƙarfe huɗu wance za ta zo ta kwashe wanki, ya yi miki?" Amsar e ko a'a ce.

Ayyukan ba masu ɗaukar ido ba ne. A kai dafaffen abinci sau biyu a mako a watan farko, daga baya sau ɗaya, bayan an tambayi abin da yaron ba ya iya ci. Sai wanki, da kai yara makaranta, da awa ɗaya ta bitar karatu, da gyaran famfo ko ƙofa. Ku ware mutum guda musamman don 'ya'yan gidan, su ne aka fi mantawa da su, kuma in suka tsani zaman, riƙon ba zai yi ƙarko ba.

Kowa ya ɗauki alkawarin shekara ɗaya, awa biyu ko uku a mako. Alkawari kaya ne, wanda ba zai iya ba gara ya faɗa tun yanzu. Makonnin farko kowa na zuwa da ɗoki, yaron ma a lokacin lumui yake, yana nazarin gidan. Sai ya fara sakewa, bayan 'yan makonni ko watanni, sannan fushi da taurin kai su fito, daidai lokacin da ƙafar masu taimako ta ɗauke. Ku ajiye ƙarfinku don wannan lokacin.

Ku tanadi kayan ko-ta-kwana, domin sau da yawa da 'yan awoyi ake sanar da gida za a kawo yaro: katifa da shimfiɗar roba mai tare ruwa, zanen gado biyu, kayan sawa na shekaru daban-daban, buroshi, da jakar kaya ta kirki. Abin tausayi ne yaro ya shigo baƙon gida da duk abin da ya mallaka a ƙunshe cikin leda. Kuɗi kuma, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar, a biya abin da ake buƙata kai tsaye, a ajiye rasit.

Akwai tsarin da za ku iya koyi da shi, sunansa Mockingbird. An fara shi a Siyatil ta Amurka a 2004, ya shiga Birtaniya a 2015. Gidajen riƙo shida zuwa goma ne ke kewaye da gida ɗaya na gogaggen mariƙi wanda ke barin gadaje a buɗe. Ana haɗuwa a kai a kai, don haka duk ran da wani gida ya buƙaci hutu, yaron gidan da ya riga ya sani za shi.

Malamin Islamiyya

Malama, bari in ƙara ta fuskar shari'a, don masu aikin su san iyakarsu.

Kafala, wato ɗaukar nauyin riƙon yaro, aiki ne mai girma. Hadisin da ke cikin Bukhari ya nuna kusancin mai kula da maraya da Manzon Allah (SAW) a Aljanna kamar yatsu biyu. Amma a lura, maraya a fiƙihu shi ne wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga, alhali da yawan 'ya'yan riƙo iyayensu na raye. Rashin lafiya, ko ɗauri, ko shaye-shaye, ko rikicin gida ne ya raba su. Kada a riƙa kiransu marayu a sanarwa don a motsa zukatan masu bayarwa. Ƙarya ce, kuma yaron na ji.

Nasaba ba ta canzawa. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma da ita ne Zaidu ya koma Zaidu ɗan Harisa bayan an daɗe ana jingina shi ga Annabi (SAW). Ɗan riƙo ba ya cin gadon mariƙinsa, sai dai a yi masa kyauta da rai ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. In yaron na da dukiyarsa, a rubuta ta a ware. Suratun Nisa'i ta yi umarni da kiyaye dukiyar maraya a aya ta 2 da ta 6, ta kuma tsoratar a ta 10.

Riƙo ba ya sa muharramaka, shayarwa ce ke sa ta, a cikin shekara biyun farko. Malikiyya da Hanafiyya ba su ƙayyade yawa ba, Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce sau biyar. Ɗan wata 8 ɗin nan yana cikin lokacin, amma ba abin da za a yi a ɓoye ba ne: sai da iznin hukumar da ta ba da shi, da shawarar likita, a kuma rubuta wa ta shayar, saboda maganar aure nan gaba. 'Yar shekara 13 kuwa a sama mata ɗakinta ko wurin da za ta keɓe, cikin mutunci, ba tare da an sa ta ji kamar bare ba.

Zakka tana halatta ga yaron idan matalauci ne. Maraici shi kaɗai ba ya cikin kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa.

In an kawo yaron da addininsa ya bambanta da na gidan, amana ce. Sashe na 20 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wanda ya ambaci kafala da sunanta, ya ce a yi la'akari da addinin yaro da harshensa da al'adarsa. Taimako ba tarko ba ne.

Mai Horar da 'Yan Sa Kai

Salama gare ku. A wajen Kirista, ayar Yaƙub 1:27 ta Littafi Mai Tsarki ce ke ɗora wannan nauyi, ta ziyartar marayu da gwauraye cikin ƙuncinsu, kuma kurakuran da ake yi a coci su ne ake yi a masallaci. Mafi yawansu daga kyakkyawar zuciya suke fitowa.

Yaro ya ruga ya rungume baƙon da bai taɓa gani ba, ya haye cinyarsa, sai a ce kai, yaron nan akwai son mutane. Sau da yawa wannan alama ce ta cewa bai taɓa samun mutum ɗaya tsayayye da zai dogara da shi ba, kowa ɗaya ne a wurinsa. Ɗan sa kai ya amsa da fara'a, sannan ya mayar da shi: "Je wurin Mama ta ɗaura maka takalmin." Rarrashi, da ba da abinci a baki, da kwantarwa, na mariƙa ne. Kyauta ma a miƙa wa uwar riƙo ta ba shi da hannunta, kuma a haɗa da 'ya'yan gidan.

Za ku ga wanda ke cusa abinci a ƙarƙashin matashi ko cikin aljihu har ya lalace. Wannan ya san yunwa ne. Kada a kira shi ɓarawo. A ba shi ƙaramin mazubi mai murfi da abin da ba ya saurin lalacewa, a ce nasa ne, a riƙa cika masa, kuma lokutan cin abinci su tsaya cak. Fitsarin kwance a ɗan shekara 8 ko 9 ba iskanci ba ne. A canza shimfiɗa shiru, a gaya wa likita. Duka ko tsawa ko kulle yaro a ɗaki haramun ne ga ɗan sa kai, ko da haka yake yi wa nasa.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ziyarar iyayensa da bayanta, yaro yakan birkice. Jagora ta san ranakun, ta sa a kai abinci a ranar, kada a shirya wani taro. Kuma kada kowa ya zagi iyayen a gabansa. Duk lalacewarsu, jininsa ne, zagin a kansa yake sauka. Haka nan ba a tambayarsa "me ya faru da mamarka?"

Binciken da aka yi a Bukares ta Romaniya a farkon shekarun 2000 ya bi yara 136 na gidajen marayu, aka mayar da rabinsu gidajen riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi ci gaba a kaifin fahimta da shaƙuwa, musamman waɗanda aka kai kafin su cika shekara biyu. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne, mariƙan nan ba a sake su su kaɗai ba, ma'aikata na ziyartarsu a kai a kai.

Sakatariyar Kwamiti

Na gode ƙwarai. To batun fita da yaran fa? Akwai wani bawan Allah, kowa ya san shi da ibada, ya ce shi zai riƙa ɗaukar maza biyu daga cikin yaran a motarsa kowane mako, har su kwana gidansa.

Ma'aikaciyar Walwala

A'a, Malama, ba haka kai tsaye ba, kuma wannan ba zargin mutumin ba ne. Masu cutar da yara suna neman wurin da ake yarda da mutum don yawan ibadarsa, suna kuma zaɓar yaron da suke ganin ba za a gaskata shi ba. Shi ya sa doka ɗaya za ta hau kowa, har liman da shugaban kwamiti. In ta hau kowa, ba wanda zai ji an ware shi.

Kowane ɗan sa kai ya cike takarda, ya kawo shaidu biyu da ba danginsa ba, a kira su a ji ta bakinsu. A yi binciken tarihin laifi inda doka ta tanada, a zauna da shi ido da ido, ya sa hannu a ƙa'idoji. Manya biyu a kowane lokaci, a mota ko a ɗaki, ƙofa a buɗe. Ba hira da yaro ta waya a keɓe, ba kyautar ɓoye, ba "kada ka gaya wa Mama". Ba a sa hotonsa a Facebook ko WhatsApp, ba a faɗin sunansa ko labarinsa a kan mumbari, ko da addu'a ake nema. Wani yaron ɓoye shi aka yi daga wanda ya cuce shi, hoto ɗaya ya isa a gano gidan.

Kwana kuwa sai da amincewar jami'in hukuma da ke kula da lamarin yaron, a rubuce. In an amince, a bi a hankali: ziyara biyu ko uku tare da uwar riƙo, sannan yini ɗaya, sannan kwana ɗaya. A gaya wa yaron ranar da zai dawo da wanda zai zo ɗaukarsa, ya tafi da bargonsa ko abin wasansa, sauran kayansa su zauna a ɗakinsa don ya san bai bar gidan ba. Ga jariri, gara mai taimako ta zo gidan ta riƙe shi awa uku uwar ta yi barci.

In yaro ya buɗe baki ya faɗi wani abu da aka yi masa, ki natsu, ki saurara, kada ki yi masa tambayoyin da ke sa magana a baki irin "ai wane shi ya taɓa ka, ko ba haka ba?" Kada ki yi alkawarin rufe sirri, ki ce za ki gaya wa wanda zai kare shi. Ki rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, ki kai wa wanda kwamitinku ya ɗora wa kula da kariyar yara da jami'in hukuma a ranar. Kada a tunkari wanda ake zargi, kada a kira zaman sulhu, a dai dakatar da shi daga aikin har hukuma ta gama bincike.

Mai Horar da 'Yan Sa Kai

Ƙari ɗaya, 'yar'uwa. Riƙo da yawa na ɗan lokaci ne, burin shi ne yaro ya koma gidansu in ya gyaru. Ku buɗe wa kowane yaro littafi tun yanzu: hotunansa, sakamakon makaranta, ranar da ya fara tafiya, sunayen waɗanda suka kula da shi. Da shi zai tafi. Ran da zai tafi a yi sallama a fili, kada a sulale da shi yana makaranta. Bayan nan tawagar gidan ta ci gaba da zuwa aƙalla wata guda, domin uwar riƙo na cikin kewa mai kama da makoki, kuma ba mai zuwa yi mata gaisuwa. 'Yar shekara 13 ɗin nan kuma ku sama mata mace ɗaya mai hankali da za ta riƙe zumunci da ita har bayan ta cika 18, lokacin da tallafin hukuma kan ragu ko ya yanke, ta koya mata riƙe kuɗi, da cike takardun makaranta, da neman sana'a.