Na sake karanta Shaihu Umar bayan shekara 26, uwar kawai nake gani

Baban Hafsa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya jawo ta.

Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinmu, sai na ci karo da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasan wata adaka. Bango ya yage, gara ta ci gefen shafukan farko, ga sunana da biro tun ina aji biyu na sakandare. Na ce bayan isha'i in ɗan duba shafi biyu. Ban ajiye shi ba sai da na kai ƙarshe.

Da ina yaro, abin da ya zauna mini a kai shi ne sace Umar, da kurar da ta cinye ɓarawon, da ayarin raƙuma, da guguwar rairayin da ta binne mutane a hanyar dawowa. Wannan karon duk waɗannan suka koma gefe, uwarsa kawai nake bi. Ta je Fatika ganin iyayenta, ta dawo babu ɗa. Ta ɗauki hanya ita kaɗai, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, aka ƙetara hamada da ita ta Murzuk har Tarabulus a ƙasar Libiya. Can Allah ya haɗa su, yaron da ta bari ya girma ya zama mai ilimi, ba a daɗe ba ta rasu. Marubucin bai tsaya kururuwa a wurin ba, ya faɗa a taƙaice ya wuce, kuma taƙaicewar ce ta karya mini zuciya. Na tashi na leƙa Hafsa tana barci, shekararta huɗu, ƙafa ɗaya a waje da gidan sauro. Na gyara mata na daɗe a tsaye.

Abin mamaki, an haifi Tafawa Ɓalewa a 1912, gasar da ta haifar da littafin kuma a Zariya aka shirya ta a 1933. Saurayi ɗan shekara 21 ina ya san wannan ciwon?

To ga tambayar: akwai tsohon littafi, ko fim, ko kaset da kuka koma masa bayan shekaru kuka tarar kamar ba shi kuka sani ba? Kuma wanda ya ga fim ɗin Shaihu Umar, ya ba uwar haƙƙinta?

Hajiya Maman Yara, Kano:

Wa alaikumus salam Baban Hafsa, Allah ya jiƙan Baba, ya raya Hafsa.

Ni nawa Mother India ne, na 1957. Mu a gidanmu mace ba ta zuwa sinima, yayyena maza ne ke zuwa Plaza su dawo suna ba mu labari a tsakar gida. Sai da aka kawo bidiyo na gan shi da idona. Ba ma jin Indiyanci, amma babu abin da ya ɓace mana. A lokacin Birju nake so, wato Sunil Dutt, don shi kaɗai ke iya ɗaga wa Sukhilala murya, wannan mai ba da bashi da ruwa da ya cinye musu gona da shanu. Da uwarsa Radha ta harbe shi a ƙarshe na yi kwana biyu ina jin haushinta. Wace irin uwa ce wannan?

Bara na sake kallonsa a waya, ina da 'ya'ya shida, biyu sun yi aure. Ban ma kai wajen harbin ba hawaye suka zo. Wurin da Nargis, wadda ta fito a Radha, ta sa kafaɗa tana jan garma kamar saniya, miji ya rasa hannuwa biyu ya bar gida cikin dare don kunya, ruwa ya share amfanin gona, yara na kukan yunwa. Na san mata uku a unguwarmu da suka yi irin wannan zaman, sai dai su ƙosai suka soya da wankau, ba garma ba. Harbin kuwa yanzu na gane shi: 'yar mutane Birju ya ɗauke ranar aurenta, uwar ta riga ta yi masa kashedi. Har yau ban ce zan iya ba. Amma na daina jin haushinta.

Malamin Hausa mai ritaya:

Ɗana, na koyar da littafin nan shekara da shekaru, kuma ina tare da kai a kan uwar. Sai dai kada a manta da Makau, mijinta na biyu, wanda 'yan fada suka ƙulla wa sharri har aka kore shi daga gari. Daga hassadar fada duk masifar ta taso, kuma ina ganin nan ne marubucin ya fi sa ido.

Fim ɗin Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano shi a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ka neme shi ka yi naka hukuncin. Ni dai a wurina hamada ta fi faɗi a cikin littafin.

Wanda ya juya mini shi ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗan gasa ɗaya da Shaihu Umar. Da, dariyar Alhaji Imam da Malam Zurƙe kawai nake yi, wannan ya yi wa wancan, wancan ya rama. Da na tsufa sai na ga hoton alƙalai da malamai da fadawan da marubucin ya sani ne a ciki, ya lulluɓe shi da raha don ya shiga kowane zaure.

Ɗan Agadas:

Gaisuwa ga manya. Ni kaset ne nawa, Brothers in Arms na Dire Straits, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, 1985. Kawuna direban babbar mota ne a hanyar Arlit, da shi yake tafiya, in zaren ya tsinke ya liƙe da jan farce ya naɗe da biro. Ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Jitar Mark Knopfler, jagoran ƙungiyar, yake bi, don mutumin da yatsu yake kaɗa ta kai tsaye, sautin ya fito a sanyaye kamar yana yi maka magana. A nan wajenmu ba shi kaɗai ba ne: Bombino ma, makaɗin jitar nan na Agadas, lokacin da tawayen Abzinawa na 1990 ya kore su gudun hijira, bidiyon Knopfler da na Jimi Hendrix ya riƙa kallo yana koyo.

Ina yaro waƙoƙin masu zafi nake jira. Ta ƙarshen mai sanyi, wadda aka sa wa kaset ɗin sunanta, cewa nake a wuce ta. Sai da na koyi Turanci na gane sojoji take magana a kai, 'yan uwa a bakin daga. Kawuna ya rasa abokai biyu a shekarun tawaye. In ta zo ba ya yarda a taɓa rediyon, ya kan rage gudu ya yi shiru har ta ƙare. Bai san abin da ake faɗa ba, amma ya riga ni sani.

Baban Hafsa:

Na gode ƙwarai. Baba Malam, gaskiya na yi wa Makau sakaci, daren yau zan koma babin fadar. Hajiya, labarin matan unguwarku ya tuna mini Innarmu: ba ta yi boko ba, ba ta taɓa jin labarin nan ba. Ranar Juma'a bayan la'asar zan je gida da littafin in karanta mata, na riga na kai shi wajen mai ɗinkin littattafai a bakin kasuwa ya sa masa sabon bango. Ɗan Agadas, wace waƙa ce ta biyu da kawunka ya fi so? Ina son in fara da waɗannan biyun.