Muhawara: shin tsiro yana yi wa maƙwabcinsa gargaɗi?

Malam Habu: 'Yan uwa, ina nan a kan bakata cewa tsire-tsire suna gargaɗin junansu idan ƙwari suka far musu. A shekarar 1983, Ian Baldwin da Jack Schultz a Amurka sun yayyaga ganyen wasu ƙananan itatuwa a cikin rufaffen akwati, kuma cikin awa 52 sai waɗanda ba a taɓa ba, amma suna shaƙar iska ɗaya da su, suka ƙara sinadarai masu bauri a ganyensu, dangin baurin nan da majema ke nema a bagaruwa, wanda ke hana tsutsa jin daɗin ci.

Malama Rabi: Malam, ban musanta cewa ganyen da aka raunata yana fitar da sinadari cikin iska ba, kalmar gargaɗi ce ban amince da ita ba. Binciken Richard Karban a Kalifoniya ya nuna cewa saƙon ba ya wuce kamar santimita 60, wato tazarar da ke tsakanin rassan tsiro ɗaya, saboda haka ya fi kama da tsiron yana sanar da sauran jikinsa ne, maƙwabci kuwa tsintar zancen ya yi.

Malam Habu: To ina batun masara, wadda aka tabbatar tun 1990 cewa idan tsutsa ta ci ganyenta tana sakin ƙamshin da ke jawo wani ƙaramin zanzaro ya zo ya saka ƙwai a jikin tsutsar, abin da ke halaka ta? Wannan ai neman ɗauki ne ƙarara.

Alhaji Isuhu: Ni manomi ne, kuma abin da ke cin raina shi ne wuta-wuta. Irinta yakan kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru bai tsiro ba, har sai ya ji sinadarin sitirigolakton daga saiwar dawa ko gero. Dawar tana fitar da shi ne don jawo wani naman gwari mai taimaka mata tsotsar fosfaras, wani sinadarin taki da ke cikin ƙasa, kuma ta fi zubar da shi a gonar da ta gaji. Bara na tuge wata dawa da ta tsumbure, na tarar da fararen tsiron wuta-wuta manne a saiwarta tun kafin su leƙo waje. Babu mai cewa dawar ce ta gayyaci ajalinta, don haka ina bayan Malama.

Malam Habu: Alhaji, na karɓi misalin wuta-wuta, amma har yanzu ba a amsa mini batun zanzaro ba.