Abin da aka ce kan hotunan kurege

Jama'a, ga abin da na tattaro daga maganganunku kan hotunan kuregen da aka ɗauko a gonakin gyaɗa na wajen Ringim.

1. Kusan kowa ya ce babban kuskuren shi ne ɗauka a tsaye. Kuregen nan na ƙasa ne, a rami yake kwana, don haka sai mutum ya kwanta rubda ciki, kyamara ta yi daidai da idonsa. In idon bai fito tas ba, an yi aikin banza, ko da jelar ta yi kyau.

2. Lokaci: da hantsi ko bayan la'asar. Hasken tsakar rana yana cinye farin layin da ke gefen jikinsa.

3. Kada a bi shi. A zauna nesa da bakin ramin har ya fito ya miƙe kan ƙafafun baya yana leƙe-leƙe. Masu kyamara sun ce in yana gudu, saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da idon kyamara yake a buɗe, kada ya wuce 1/1000 na daƙiƙa. Masu waya kuma su daina jawo hoto da yatsa, dishi-dishi yake fitowa.

4. A kan zuba masa gyaɗa aka rabu. Wasu sun ce ba laifi. Wasu, musamman manoma, sun ce koya masa ɓarna ne, kuma in ya saba da mutane, yara masu tarko da karnuka ba za su bar shi ba. Ni dai ina tare da manoman.

5. Wajen rage hoto, a bar fili ta inda yake kallo, kada a guntule jela. In kuwa akwai leda a bayan ramin, a tsince ta tun kafin ya fito.