Ana so a sayar mini da ƙaramin jirgin ruwa, me zan duba?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram. Shekarata 6 ina aiki a Marsai ta Faransa. Wani dattijo abokin aikina ya koya mini tuƙin jirginsa mai tafiya da iska, tsawonsa mita 7. Yanzu ƙarfi ya ja baya, yana so ya bar mini shi da araha. Jirgin nan ya shiga raina, amma ni ɗan tudu ne, ruwan da na tashi na sani shi ne tafkin Gidimuni. Ku taimake ni da shawara.

Yaya na Kwatano: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ba da ko dala sai an ɗaga shi daga ruwa ka ga ƙasansa da idonka. In ka ga jikin ya yi ƙuraje, ruwa ne ya ratsa shi. Dubi mahaɗar jiki da ƙarfen nauyi na ƙasa, ko akwai tsaga. Tambayi dattijon yaushe aka sauya wayoyin ƙarfe masu riƙe da doguwar sandar da ake rataya zanen kama iska, don yawanci bayan shekara 10 ake sauya su, ko da ido bai ga laifi ba. Duk shekara kuma sai an kankare ƙasan, an shafa fenti mai hana gansakuka mannewa, an sa sabuwar tutiyar da ke kare farfela daga cin ruwan gishiri. Amma abin da ya fi damuna shi ne wurin ɗaurewa. Sau da yawa gurbin ɗaurewa a tashar jiragen ruwa ba ya bin jirgi in an sayar, kuma jiran sabo yakan ɗauki shekaru. Fara da wannan.

Baba makanike na Zango: Ɗana, a sauya man inji da matata duk shekara. In ka tayar, leƙa ka ga ruwa na fita ta salansa. In babu, kashe nan take, galibi ƴar robar famfon ruwa ce ta gutsure. Ajiye wata a jirgi kullum.

Inna ta Sabon Gari: Ɗan nan, don Allah ka riƙa sa rigar ceto, kuma kada ka fita kai kaɗai. Allah ya tsare mana kai.

Ɗan Birni: Amin Inna. Ina sawa, rediyona na kan tasha ta 16 ta neman agaji, kuma ranar da iskar Mistiral, wata iska mai ƙarfi ta yankin nan, ta taso ba na kwance igiya. Yaya, gobe da safe zan je ofishin tashar jiragen kan maganar gurbin.